Wa Za Ka Kai Ƙara Idan Gwamnati Ta Ƙi Biya?

Ina gama shekarata ta farko a makarantar koyon harkokin kasuwanci ta Jami'ar Gana da ke Legon aka canza kuɗin ƙasar nan. A watan Yulin 2007 ne Babban Bankin Gana ya datse sifiri huɗu daga jikin sidi, dubu goma ta da ta koma sidi ɗaya, ni kuwa da na iso Kumasi hutu sai na tarar da Baba a zauren gidanmu na Aboabo da littafin bashinsa a kan cinya, yana jiran ɗan jami'a ya zo ya juya masa lissafi zuwa sabon kuɗi. Baba ɗan goro ne kamar yadda mahaifinsa ya kasance: yana sayo goro daga ƙauyukan Asante, a ɓare, a tsince, a ɗaure shi huhu-huhu, a loda wa motocin da za su Legas da arewacin Najeriya. Da ajami aka rubuta littafin, kuma babu cikakken sunan kowa a cikinsa, sai irin su "mai rumfar bakin masallaci" da "ƙanen Alhajin Sakkwato". Na kwana biyu ina share sifirori, sannan na tambaye shi inda masu cin bashin suka sa hannu, domin a zangon karatun da ya wuce an koya mana sharuɗɗan ƙulla yarjejeniya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hannun me za su sa? Ai na san iyayensu."

A lokacin na ɗauki wannan amsa a matsayin dalilin da ya sa kasuwancin zango ba ya girma, kuma har yau ban janye ra'ayin gaba ɗaya ba. A cikin littafin nan akwai shafukan da Baba ya ja wa layi ya rubuta "Allah ya isa" ko "na yafe" a gefe, kuma kuɗin da ke ƙarƙashin waɗannan layuka sun isa gina ɗakuna. Wanda bai san iyayensa ba kuwa, ko da amanarsa ta fi ta kowa, ba ya samun ko ƙwarya ɗaya ta goro a kan lamuni. Saboda haka ba na cikin masu cewa karatun boko bai ƙara mini komai ba. A Legon na koyi karanta lissafin kamfani har in gane inda aka ɓoye asara, na koyi cewa sidin yau ya fi sidin baɗi daraja da yadda ake auna tazarar da ke tsakaninsu, na kuma koyi abubuwa biyar da ake dubawa kafin a ba mutum rance, wato halinsa, da ƙarfinsa na biya, da jarinsa, da abin da zai jinginar, da yanayin kasuwar da yake ciki. Hali ne ake fara lissafawa a aji, abin da zai faranta wa Baba rai da na gaya masa.

Darasi ɗaya ne na haddace rabinsa na bar rabi. Duk lissafin zuba jari yana tashi ne daga wani ma'auni da littattafai ke kira ribar da ba ta da haɗari, wato abin da gwamnati ke biya idan ta ci bashi da kuɗin ƙasarta; kowane bashi kuma a kan wannan ake ɗora masa farashi, gwargwadon yadda ake tsoron mai cinsa. Malamin da ya koyar da mu, dattijo ne da ya ga shekarun 1980, ya tsaya a gaban allo ya ce mana mu riƙe cewa wannan suna ne kawai da aka raɗa don lissafi ya yiwu, kuma gwamnati ma tana iya gazawa. Na rubuta maganarsa a gefen takarda, amma da yake ba ta fito a jarrabawa ba, a can na bar ta.

Da na gama a 2010 aka tura ni hidimar ƙasa ta shekara ɗaya a wani ƙaramin bankin karkara a wajen Kumasi, kuma a nan ne rigimata da Baba ta fito fili. Bai taɓa hana ni karatu ba, amma a zatonsa akanta zan zama a kamfanin koko ko ma'aikatar gwamnati, ba mai zama a kan teburin kuɗin ruwa ba. Ya kai maganar gaban malaminsa, ni ma na kai ta gaban wani malamin, aka samu amsoshi biyu: ɗaya ya ce marubucin kuɗin ruwa da mai shaidarsa duk suna cikin laifin, ɗayan ya ce a ƙasar da babu wani banki sai irin wannan, lalura tana da hukuncinta, amma in riƙa neman mafita. Baba bai sake tayar da zancen ba. Abin da ya yi shi ne, har ya koma ga Mahaliccinsa, duk kuɗin da na ba shi a wani aljihu daban yake sa su, ya biya wuta da ruwa da harajin gida da su, bai taɓa yarda a sayi hatsin gidan da su ba. Mma, mahaifiyata, ce ta gaya mini bayan shekaru.

Aikina na farko na gaske a wani kamfanin ajiya da ba da rance ne a Adum, a matsayin jami'in rance, kuma ba digirina ya samar mini shi ba kamar bakina. Suna neman wanda ke jin Hausa da Tuwi, wanda zai shiga Kejetiya da Alabar da Asawase ya yi magana da 'yan kasuwa ba tare da tafinta ba. Duk wanda ke karatun harkar kuɗi yana mafarkin kwat da ofis mai sanyi ya sani cewa yawancinmu daga rana muka fara, da jaka a kafaɗa da adadin da aka yanka mana na sababbin masu ajiya da rancen da za mu fitar kowane wata. Wanda bai cika adadinsa ba wata uku a jere, ba sai an gaya masa ba.

A nan na fara amfani da lissafin makaranta a kan mutanen da na sani, kuma abin da na gano bai yi mini daɗi ba. Ana gaya wa 'yar kasuwa cewa ruwan rancen kashi 4 cikin ɗari ne a wata. Idan ta karɓi sidi 1,000 na shekara ɗaya, ruwan ya zama sidi 480, sai ta ɗauka kashi 48 take biya. Amma ana lissafa ruwan ne a kan dubun nan cif har wata na ƙarshe, alhali tun daga watan farko take rage uwar kuɗin, ta yadda a tsakiyar shekara rabi kawai ke hannunta. Idan aka yi lissafin a kan abin da ya rage mata kowane wata, ainihin ruwan ya kusa kashi 80 a shekara, ban da kuɗin fom da na inshora da ake cirewa tun kafin kuɗin su shiga hannunta. Ranar da na zauna na fitar da wannan adadi a kwamfuta na nuna wa wanda ke gaba da ni, sai ya ce kowa a harkar haka yake yi, kuma gaskiya ya faɗa. A gefe guda kuma ga masu susu, waɗanda ke zagaya rumfuna kullum suna karɓar ajiya, a ƙarshen wata su riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsu. Mma ta shekara ashirin tana biyan mai susu don ya ajiye mata kuɗinta, alhali banki shi ne zai ƙara mata wani abu a kai. Da na tambaye ta dalili, ta ce mai susu yana zuwa inda take, ba ya tambayarta takardar wuta, kuma idan ya gudu ta san gidan surukansa.

Akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa wadda fayil ɗinta bai bar zuciyata ba. Ta shekara fiye da ashirin a rumfa ɗaya, dillalan Lome suna ba ta kaya a kan lamuni, kuma na zauna da ita yini uku kafin azumi ina ƙirga cinikinta da idona, na ga kuɗin da ke ratsa hannunta a mako sun fi albashina na wata huɗu. Tana neman rancen da za ta sayo kayan Sallah da wuri kafin farashi ya tashi. Na rubuta rahoto mai kyau, na kai gaban kwamiti, aka tambaye ni abu ɗaya: ina takardar gida? Gidan da take ciki na gado ne, magada sun fi goma sha biyar, wasu suna Abidjan wasu suna Kano, filin kuma tun zamanin kakanta sarki ya ba da shi da baki. Haka yawancin gidajen zango suke. Aka mayar da fayil ɗin. Da na koma na gaya mata, ba ta ɓata rai ba, ta sa yarinya ta kawo mini koko da ƙosai, ta ce, "Ɗana, kada ka damu, dama na san kuɗin banki na masu takarda ne." Abubuwa biyar ɗin nan da aka jera mana a aji, a ɗakin kwamiti na huɗun ne ke shiga ya zauna, sauran su tsaya a bakin ƙofa.

Da dare nake karatun jarrabawar Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Gana, na faɗi takarda ɗaya sau biyu kafin na haye. Ita ce ta buɗe mini ƙofar Accra, ko Ankara kamar yadda Baba da tsararrakinsa ke kiranta, inda a 2014 na samu aiki a sashen auna haɗarin rance na wani banki na 'yan ƙasa. Na kama ɗaki a Mamobi, ina shiga motar haya ta trotro da kwat a hannu don kada ta yamutse. Shekarun ɗauke wuta ne, waɗanda aka yi wa laƙabi da dumso, kuma a kan teburina na ga yadda rashin lantarki ke zama bashin da ba a biya ba: mai ɗakin sanyaya kifi ya yi asarar kaya, mai buga takardu ya ƙare a kuɗin man janareta, mai ƙaramin otal ya rasa baƙi. Waɗannan duk ana iya fahimtarsu. Fayilolin da suka fi damuna su ne masu kauri waɗanda ke saukowa daga bene na sama da amincewa a riga an rubuta, a ce mu cika rahoton daga baya. Kamfani ne da aka yi wa rajista wata shida da suka wuce, babu ciniki, babu tarihi, jinginarsa fili ne da aka yi wa ƙima ninkin abin da zai yi a kasuwa, kuma idan ka bi sunayen daraktocinsa sai ka iske sun kai ka inda ba ka so ka je. Na rubuta ƙin amincewa sau biyu. A karo na uku aka kira ni aka tuna mini cewa matata tana da ciki, ni kuma na sa hannu. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba. Rance ɗaya daga cikin waɗannan ya ninka abin da Hajiya mai atamfa ta nema sau ɗaruruwa, kuma takardunsa sun cika tsaf.

Abin da ya biyo baya kowa a ƙasar nan ya sani. A watan Agustan 2017 Babban Banki, ƙarƙashin gwamnansa Ernest Addison, ya soke lasisin bankuna biyu ya miƙa su ga bankin GCB. Ranar 1 ga Agustan 2018 aka haɗe wasu biyar aka kafa Consolidated Bank Ghana a kan kufansu, a Janairun 2019 wasu biyu suka bi, kuma an ɗaga mafi ƙarancin jarin da banki zai mallaka daga sidi miliyan 120 zuwa miliyan 400. Guguwar ba ta tsaya a bankuna ba: a watan Mayun 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin rance 347 a rana ɗaya, a Agusta kamfanonin ajiya da rance da makamantansu 23, a Nuwamba kuma hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta karɓe lasisin kamfanonin juya kuɗi 53. Dalilan da Babban Banki ya bayar sun haɗa da ƙarancin jari, da ba wa masu banki da makusantansu rance, da raunin shugabanci. Bankinmu yana cikin bankuna taran nan da aka rufe. Na iso da safe na tarar da 'yan sanda a ƙofa da baƙin fuskoki a kan kujerun manajoji, aka tara mu aka ce kowa ya ci gaba da aikinsa, bayan 'yan watanni kuma aka miƙa wa da yawa daga cikinmu wasiƙa. Don kada masu ajiya su yi asara, gwamnati ta ɗauki nauyin da ya haura sidi biliyan 20, kuma mafi yawansa da takardun bashi ta biya. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina wanda zai biya waɗannan takardun ba.

Na yi wata takwas babu aiki. Abin da ya riƙe gidana shi ne rubuta wa masu shaguna a Nima da Madina lissafin haraji, aikin da a da nake ganin ya yi mini ƙanƙanta. Duk matashin da ya tambaye ni yau, nakan ce masa ya haɗa digirinsa da takardar ƙwarewa ta akanta ko makamanciyarta, domin sunan banki a katin aiki yana iya gogewa a safiya ɗaya, ita kuwa tana aljihunka. Daga baya wani kamfanin juya kuɗi da ya tsira daga guguwar ya ɗauke ni. Aikinmu shi ne tara kuɗin jama'a da na fansho a asusu ɗaya mu zuba su inda za su haihu, kuma bayan abin da ya faru da bankuna, kusan kowa a harkar ya gudu zuwa wuri ɗaya, wato takardun lamunin gwamnati, waɗanda take bayarwa idan ta ci bashi. Suna biyan kusan kashi 19 ko 20 a shekara, babu kwamiti, babu daraktan da za ka bi sawunsa, babu filin bogi. Bayan abin da idona ya gani, ji na yi kamar na fito daga kogi na taka tudu.

A 2021 Kawu, ƙanen Mma, ya zo Accra ya same ni. Dillalin shanu ne a mayankar Kumasi da ke Kaase, yana karɓar shanun da ake kawowa daga Burkina Faso ta Paga, ya ba mahauta a kan lamuni, su yanka su sayar su biya bayan kwanaki. Ƙafa ta fara ba shi matsala, yana so ya rage zirga-zirga, ya sayar da wani fili ya haɗa da abin da ya tara, ya ce mini yana da "biliyan biyu", domin har yau da tsohon kuɗi yake ƙirga. Sidi 200,000 ke nan. Yana so ya ajiye su shekara biyu ko uku kafin ya gina wa iyalinsa gida. Muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, na kawo masa shawarar asusunmu. Ya ce shi ba ya son kuɗin ruwa, a ajiye masa abinsa kawai. Na ce masa hauhawar farashi tana cin kuɗin da aka ajiye kamar yadda gara ke cin buhu, abin da ya hau kai kuma yana iya bayar da shi sadaka idan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya yi shiru yana juya carbi, sannan ya ce, "To Manaja, wa za a ba kuɗin?" Na ce gwamnati. Ya ce, "Mahauci idan ya ƙi biyana, ina kai shi gaban Sarkin Fawa, gobe ba mai ba shi ko akuya. Ita gwamnati idan ta ƙi biya, gaban wa za ka kai ta?" Na yi dariya, na ce masa gwamnati ita ke buga kuɗin, ba ta yadda za ta rasa abin biya, kuma a duk duniya wannan ne bashin da ake kira marar haɗari. Na tuna sarai har da Turanci na faɗi kalmar, don ta ƙara nauyi. Ya ce, "Kai ka yi karatu," ya miƙo hannu.

Shekarar 2022 ta shigo dala tana wajen sidi 6. Kamfanonin da ke auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi suka rage wa Gana matsayi tun farkon shekara, ƙofar cin bashi a kasuwannin waje ta rufe, ga nauyin da annobar korona ta bari, ga yaƙin Yukren ya ɗaga farashin mai da alkama da taki. Ranar 1 ga Yuli gwamnati ta sanar cewa za ta nemi taimakon Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Zuwa Nuwamba dala ta haura sidi 14 a hannun 'yan canjin Tudu, hauhawar farashi kuma, wadda take kashi 12.6 a Disambar 2021, ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da na koya tun shekara ta biyu a jami'a: idan kana riƙe da takardar sidi 100 mai biyan 19 a shekara, sai gwamnati ta fara biyan kusan 35 a kan sababbin takardunta na gajeren zango, babu mai sayen taka a kan 100. A watan Oktoba hukumar da ke kula da mu ta umarci duk asusu irin namu su riƙa nuna wa masu ajiya ƙimar takardun a farashin kasuwa na ranar, ba farashin da aka saye su ba, sai mutane suka buɗe wayoyinsu suka ga kuɗinsu sun ragu. Ofishinmu ya cika da jama'a, wasu suna kuka, wasu suna zagi, ni kuma ina ta maimaita bayanin da shi kansa bai gamsar da ni ba.

A ƙarshen Oktoba Shugaba Akufo-Addo ya yi wa ƙasa jawabi ya ce ba za a aske kuɗin kowa ba, wato ba za a rage wa masu bin gwamnati bashi komai ba. Ranar 5 ga Disamba ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya ƙaddamar da shirin musayar bashin cikin gida: a karɓi tsofaffin takardu a ba da sababbi da wa'adin biyansu zai cika a 2027 da 2029 da 2032 da 2037, babu ruwa ko kaɗan a 2023, kashi 5 a 2024, kashi 10 daga 2025. Uwar kuɗin ba a taɓa ta ba a rubuce, amma duk wanda ya san cewa sidin yau ya fi na baɗi ya san me ake nufi da a ce ka jira shekaru da kashi 10 a lokacin da farashi ke tashi da fiye da kashi 50. Makonni biyu bayan haka aka dakatar da biyan yawancin bashin waje. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki, tsofaffi 'yan fansho suka riƙa zuwa da kujerunsu suna zama a harabar Ma'aikatar Kuɗi, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su a Fabrairun 2023. An sassauta sharuɗɗan ga ɗaiɗaikun mutane da tsofaffi, takardun baitulmali na gajeren zango kuma ba a taɓa su ba, sannan a watan Mayu Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. A cikin waɗannan watanni ne na binciko tsofaffin takarduna na Legon a cikin akwati, na iske maganar malamin nan a gefen shafi da rubutun hannuna.

Ban yarda in gaya wa Kawu ta waya ba. Na hau mota zuwa Kumasi na same shi a rumfarsu ta bakin mayanka, ƙafarsa a kan benci, ana ta sauke shanu daga wata doguwar mota. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce kuɗinsa ba su ɓace ba, amma idan ya cire yanzu zai yi asara mai yawa, idan ya jira kuma siminti da rodi ba za su jira shi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shanunsa da sefa ake sayo su, kuma da ya bar kuɗin a kan ƙafafun shanu, da faɗuwar sidi ba ta taɓa shi haka ba. Ya saurare ni har na gama, bai tuna mini tambayar da ya yi a tsakar gidana ba, ko da yake na ga alamar tana bakinsa. Ya ce, "Kai ka ci?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka yi niyyar cuta ta?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "Shi ke nan, abin da Allah ya rubuta ne. Amma ka daina cewa abu ba shi da haɗari, ko saniyar da ke ɗaure a gabanka tana iya kwana ba ta tashi ba." Sannan ya kira yaro ya sa aka gasa mini hanta.

Bai cire kuɗin a lokacin ba. Ya jira, ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan yayin da asusun ke samun abin biya, kuma gidan da aka zana da ɗakuna shida ya tsaya a uku da falo. Na so in cika masa wani abu daga albashina, ya ƙi, ya ce idan ina da rara in biya wa autarsa kuɗin makaranta, ita ma harkar kasuwanci take karantawa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah.

Har yanzu ina cikin harkar, ko da yake na bar juya kuɗin jama'a na koma kula da lissafin wani kamfanin da ke shigo da kayan abinci ta tashar Tema, inda aikina na kullum shi ne in san nawa muke bin masu sari, nawa ake bin mu da dala, da ranar da kowanne zai faɗo. Yawancin masu sarinmu ba su da takardar gida, don haka na tsara yadda muke ba su kaya a kan lamuni: muna farawa da kaɗan, muna rubuta ranar da kowa ya biya, muna duba shigar kuɗinsa ta momo, wato asusun kuɗi na waya, muna kuma tambayar shugabannin layinsa a kasuwa, sannan kowa yana sa hannu. Ina bin maganar bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa da ido. Dokar bankuna ta 2016 ta ambaci irin wannan hidima cikin abubuwan da aka halatta, kuma Najeriya tana da bankin Jaiz tun 2012. Idan aka buɗe irinsa a nan zan nemi aiki, ko don aljihun nan na Baba, amma zan shiga da tambayoyin da zan yi wa kowane banki, domin sunan Larabci a kan takarda ba ya hana daraktoci ba wa 'yan'uwansu kuɗin jama'a.

'Yar Kawu tana shekara ta uku yanzu. A hutun da ya wuce ta kawo mini aikin gida a kan yadda ake ƙididdige ribar da mai zuba jari ya kamata ya nema, inda layin farko ke buƙatar a sa ribar da ba ta da haɗari. Ta tambaye ni wane adadi za ta sa, na takardun wata uku ko na masu dogon zango. Na ce ta sa na wata uku kamar yadda malaminta ke so, na nuna mata inda ake samunsa a shafin Babban Banki, sannan na ce idan ta koma gida ta tambayi babanta labarin ɗakuna ukun da ba a gina ba. Ta ce ai ta sani, a ɗaya daga cikinsu aka ce za a sa ta.